Daga Dutsen Izumiyama Zuwa Gaɓar Imari: Tafiya a Garuruwan Tangaran na Japan

Wanda ya nufi garuruwan tangaran na Japan, daga tashar Hakata da ke birnin Fukuoka zai kama hanya. Garuruwan duk suna kusurwar arewa maso yammacin tsibirin Kyushu, a yankin da a da ake kira Hizen: Arita da Imari a jihar Saga, Hasami da Mikawachi a jihar Nagasaki. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta da yawa, amma tsaunuka sun raba su, jiragen ƙasa da basa-basan yankin kuma ba su da yawa. Na bi su ne da tsari guda: inda aka haƙo dutsen, inda aka gasa shi, sai inda aka loda shi a jirgin ruwa. Shi nake ba kowa shawarar ya bi, domin wanda ya fara da kantuna, kwanuka za su cika masa ido bai san abin da ya bambanta wannan da wancan ba.

Jirgin ƙasan da ke kai mutum Arita kai tsaye sunansa Midori, mai zuwa Sasebo, kuma tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce. Sau da yawa ana haɗa shi da wani jirgin mai suna Huis Ten Bosch, a ja su tare, sai an wuce Arita a raba su a tashar Haiki, saboda haka kowanne ka shiga zai kai ka. Inda baƙi ke rikicewa shi ne jirgin Relay Kamome. Shi ma daga Hakata yake tashi, layi ɗaya suke bi, amma aikinsa kai fasinjan Nagasaki ne tashar Takeo-Onsen, inda suke komawa jirgi mai gudun tsiya da aka buɗe a 2022. In ba a rubuta Midori tare da sunansa ba, a nan zai sauke ka. Wannan ba asara ba ce, domin daga Takeo-Onsen ƙaramin jirgi mai tsayawa a kowace tasha zai kai ka Kami-Arita, tashar da ke gabanin Arita, kuma ita ce ta fi dacewa a fara da ita. Babban jirgi ba ya tsayawa a can sai lokacin babbar kasuwar tangaran da ake ci sau ɗaya a shekara.

Kami-Arita tsohon gini ne na katako, babu ma'aikaci a ciki. Tana saman kwarin da garin ya miƙe a cikinsa, don haka duk tafiyar da za ka yi daga nan zuwa babbar tasha gangare ce. Kafin gangarawa sai a ɗan haura gabas, tafiyar kamar minti goma sha biyar, zuwa mahaƙar Izumiyama. Daga dakalin kallo abin da na gani fili ne mai faɗi kamar an kwashe cikin tsauni, bango fari da ratsin ruwan ɗorawa ya kewaye shi, da bakin ramuka biyu a ƙasa. A da tsauni ne cikakke. Shekara ɗari huɗu ana fasa shi ana gasawa har ya koma haka.

Labarin da garin ke riƙe da shi shi ne cewa a 1616 wani maginin tukwane ɗan Koriya, wanda Japanawa ke kira Ri Sanpei, 'yan ƙasarsa kuma Yi Sam-pyeong, ya gano wannan farin dutse. Yana cikin masu sana'ar da aka kwaso daga Koriya lokacin yaƙe-yaƙen da mai mulkin Japan na lokacin, Toyotomi Hideyoshi, ya kai can tsakanin 1592 da 1598. Rundunar gidan Nabeshima, masu mulkin Saga, ita ta zo da shi. Ya kamata a faɗi wannan a fili: sana'ar da Japan ke tinƙaho da ita a yau, hannun mutanen da yaƙi ya raba da gidajensu ne ya kafa ta. Masu haƙar kayan tarihi sun nuna cewa an riga an fara gwada gashin tangaran a yammacin garin cikin shekarun 1610, amma samun Izumiyama shi ya mayar da gwaji sana'a. Abin da ya sa dutsen ya zama abin nema shi ne shi kaɗai ya isa. A ƙasar Sin sai an haɗa dutse da farin yumɓu kafin a sami tangaran, a nan kuwa niƙa dutsen kawai za a yi. Aibinsa shi ne ba shi da danƙo sosai, kuma yana da ɗan ƙarfe a jiki. Shi ya sa yau akasarin masu gashi a Arita da Hasami dutsen Amakusa na jihar Kumamoto suke saye, wanda ya fi fari, ya fi biyayya a hannu.

Da na gangaro cikin unguwar Uchiyama, abin da ya fara tare ni wata bishiyar ginko ce da ake ƙiyasta shekarunta da kusan dubu, tsawonta wajen mita talatin. Daga gindinta lunguna suka ratsa bayan gidaje, kuma a nan katangun da ake kira tonbai suke. Ka matsa kusa ka duba: tubalin tsofaffin tanderu ne da aka rushe, da ɓaraguzan akwatunan gashi, aka haɗa da jar ƙasa. Fuskar tubalin da ta kalli wuta shekara da shekaru ta narke ta zama gilashi, wani kore, wani ruwan zuma, wani baƙi mai ƙyalli, ɗan'uwansa da ke gefe kuwa ja ne busasshe. A nan ake gane cewa zafi a cikin tanderu ba ɗaya ba ne, kowane lungu da rabonsa. Gidajen bakin babban titi yawancinsu bayan gobarar 1828 aka gina su, wadda ta cinye garin kusan ƙurmus, kuma tun 1991 gwamnati ta sa unguwar cikin wuraren da ake kare gine-ginensu. Akwai gidan Ijinkan na 1876, mai fasalin ginin Turawa, da wani attajiri ya gina don saukar da baƙi masu sayen kaya, da manyan kantunan kamfanonin tangaran Koransha da Fukagawa Seiji. A benen Koransha akwai ɗakin nuni da ya cancanci a hau.

Wurin bautar Tozan na addinin Shinto yana gefen tsauni, kuma ko don gine-ginensa ya isa a leƙa. Ƙofarsa ta tangaran ce fara da zanen shuɗi, an kafa ta a 1888. Amma ga gargaɗi: layin dogon Sasebo ya ratsa ta tsakiyar matakalar shiga, kana gama hawan farko sai ka ga ƙarfen dogo a gabanka, kuma babu sandar tsaro, ƙararrawa ce kawai da fitila. Mai yara ya riƙe hannunsu. Can sama da shi, a kan tudu, akwai hasumiyar tunawa da Ri Sanpei da aka gina a 1917. Daga nan ake ganin garin gaba ɗaya, siriri tsakanin tsaunuka biyu, bututun hayaƙi na jan tubali suna leƙowa daga rufin gidaje.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne kallon aikin kansa. Wasu gidajen gashi, irin su Gen-emon, suna barin baƙo ya kalli ma'aikata a ranakun aiki. Ranar Lahadi kanti kawai za ka tarar a buɗe. Ga yadda dutse ke zama kwano. Ana daka shi har ya zama gari, a zuba a ruwa a dama, tsakuwa ta kwanta a ƙasa, a tsiyaye mai laushin da ke sama. Ana bi da shi ta maganaɗisu don cire ƙarfe, sannan inji ya matse ruwan, wani injin ya murɗa shi ya fitar da iska. In ɗigon ƙarfe ya tsira, bayan gashi zai fito baƙin tabo a tsakiyar farin kwano, kuma ba ya gyaruwa. In iska ta maƙale, wurin zai kumbura ko ya fashe a wuta.

Siffantawa iri biyu ce a taƙaice. Kaya masu zagaye a kan faifai mai juyawa ake ɗaga su, da hannu ko da inji, a bar su su sha iska, sannan a kankare su da wuƙa har su yi sirara. Buta da tulu da duk abin da ba zagayayye ba, kunun yumɓu ake zubawa a mazubin filasta. Filastar tana tsotse ruwa, yumɓu ya kama jikin mazubin, in kaurin ya kai sai a juye ragowar. Shanya ita ce ke buƙatar haƙuri. Baki ya fi gindi saurin bushewa, in aka gaggauta sai kwanon ya karkace, ko gindinsa ya tsage a murɗe, musamman in maginin bai danne tsakiyar da kyau ba tun a kan faifai.

Gashin farko a wajen digiri 900 na ma'aunin Salshiyas ake yi. Kwanon yana fitowa da ɗan ja-ja, yana da ƙarfin da za a riƙe shi, amma yana shan ruwa kamar ƙasa. A kansa ake yin zanen shuɗi da wani fenti mai sinadarin kobalt da suke kira gosu. A wannan mataki ba shuɗi ba ne, toka-toka ne mai duhu, mai zane yana aiki ne da launin da ba zai gani ba sai an buɗe tanderu. Aikin a rabe yake. Wani ne ke jan layi da siririn buroshi, wani ke cike ciki. Na daɗe tsaye ina kallon wata mai cikewa. Buroshinta kauri gare shi, ya cika tafin hannu, ta jiƙa shi sharkaf da fenti. Ba ta shafa shi a jikin faranti. Da yatsu take matsa cikinsa, ɗigo ya taru a bakin, sai ta karkata farantin tana jan ɗigon a tsakanin layuka, in ta kai ƙarshen ganye ta sassauta yatsun, buroshin ya tsotse ragowar. In ta tsaya daƙiƙa ɗaya a wuri guda, wurin zai sha fenti fiye da sauran, ya fito da duhu. Babu gogewa, babu sakewa.

Bayan zane sai a tsoma kwanon a ruwan ƙyalli, wanda ke rufe zanen ruf da farin gari, a goge zoben gindi tas don kada ya manne da abin da aka ɗora shi a kai. Babban gashi a wajen digiri 1300 ake yi, kuma a nan sirrin farin yake. In zafi ya haura, ana rage wa wutar iska da gangan, sai ta riƙa zuƙe iskar da ke jikin yumɓun. Wannan ne ke sa ɗan ƙarfen da ya rage ya ba da fari mai ɗan shuɗi-shuɗi. In iska ta yi yawa, farin sai ya koma ruwan ƙwai, shuɗin ya dushe. Daga ɗanye zuwa gasasshe kwano yana tsukewa da fiye da kashi goma cikin ɗari, shi ya sa ake ɗora kaya masu daraja a kan wani ɗan faifai na yumɓu iri ɗaya, su tsuke tare, kada gindi ya ja ya lanƙwasa. Masu gashi da itace suna sa kowane kwano a akwatin yumɓu saboda toka, kuma jan itacen akamatsu suke ƙonawa don harshen wutarsa dogo ne. Yawancin gidaje dai yau da iskar gas suke aiki. Ja da kore da ruwan ɗorawa da zinariya ba sa jure wannan zafi, saboda haka a saman ƙyallin ake zana su bayan an gama, a sake gasawa a wajen digiri 800. In zafin bai kai ba, fentin zai yi gautsi ya riƙa ɓarewa. In ya wuce, jan ya yi duhu.

Da wannan a kai ne gidan tarihin tangaran na Kyushu ke yin ma'ana. Yana kan tudu, tafiyar minti goma da 'yan kai daga tashar Arita, an buɗe shi a 1980, ana rufe shi ranar Litinin. A ciki akwai tarin Shibata, kaya fiye da dubu goma da wasu miji da mata suka bayar kyauta, an jera wani ɓangarensu bisa zamani, kuma ni a ganina babu makaranta irinsa a duk yankin. Na farkon ƙarni na 17 kauri gare su, gindinsu ƙarami, ba a yi musu gashin farko ba, har sawun yatsun wanda ya tsoma su a ruwan ƙyalli ana gani. Sai a ga jiki yana sirancewa, gindi yana faɗi, an fara sa 'yan tsinke na yumɓu a ƙarƙashin faranti don kada tsakiya ta lotsa, waɗanda ke barin ƙananan tabo a bayansa. A cikin shekarun 1640 launi ya shigo, kuma sunan Sakaida Kakiemon na farko ake dangantawa da shi. Jansa irin na nunannen kaki ne, ɗan itacen da yake dangin kanya. Salon Kakiemon jiki ne fari kamar madara, zane kaɗan a gefe guda, sauran fili a bar shi ya huta. Wannan farin jiki yana da wuyar gashi ƙwarai, har aka daina yin sa, sai a 1953 magadan Kakiemon na 12 da na 13 suka farfaɗo da shi. Gidan na nan yana aiki a ƙarƙashin magaji na 15, a unguwar Nangawara, inda sai da tasi ko keken haya ake zuwa.

Yadda kayan suka kai Turai kuwa rikicin ƙasar Sin ne sila. Da daular Ming ta faɗi a 1644, yaƙi ya tsayar da fitar kaya daga Jingdezhen, babban garin tangaran na Sin, sai kamfanin Holan mai fatauci a gabashin duniya ya juyo Arita, ya ba da babbar oda a 1659. Daga ƙarshen ƙarnin aka shiga yin manyan tuluna masu shuɗi da ja da zinariya cunkus, waɗanda sarakunan Turai ke jerawa a bango don nuna arziki, kamar yadda ake jeren tangaran a ɗakin amarya. Sarki Augustus na Saksoni, a ƙasar Jamus ta yau, ya tara su da yawa, kuma masana'antar Meissen da ya kafa a 1710 ta kwaikwayi zanen Kakiemon. Tun 1979 Arita da Meissen suke ƙawance.

Daga Arita zuwa Imari jirgin Matsuura ake shiga, kuma shi ba na JR, babban kamfanin jiragen ƙasa na Japan, ba ne, don haka tikitin yawo na JR ba ya aiki a cikinsa. Layin na gwamnati ne a da, a 1988 aka miƙa shi ga kamfanin da ƙananan hukumomin yankin ke da hannu a ciki. Tsawonsa kilomita 93.8, tasha 57, ya tashi daga Arita ya bi ta Imari ya kewaye gaɓar teku ya ƙare a Sasebo. Yankin Arita zuwa Imari shi ne mafi tsufa, kilomita 13, an buɗe shi a 1898 don kai tangaran tashar jiragen ruwa. Tarago ɗaya ne mai injin dizal, babu kwandasta. A manyan tashoshi ana sayen tikiti kafin shiga. A ƙanana kuwa ta ƙofar baya ake shiga, ka zari 'yar takarda mai lamba a bakin ƙofa, allon da ke saman kan direba yana nuna kuɗin kowace lamba yana ƙaruwa, in za ka sauka ka zuba kuɗin da takardar a akwatin da ke gefensa. Injin canji takardar yen 1000 kawai yake karɓa, wanda ya shigo da babbar takarda zai tsayar da kowa. Tafiyar kusan minti ashirin da biyar ce tsakanin gonakin shinkafa, fasinjan kuma yawanci 'yan makaranta ne da tsofaffi.

Tashar Imari gida biyu ce, titi ya raba su, gada ta haɗa su ta sama: ɗaya na Matsuura, ɗaya na JR mai zuwa Karatsu. A cikin garin kansa ba a gashi sosai. A da tashar lodi ce, amma da yake daga nan kayan suke tashi zuwa Nagasaki da sauran biranen Japan, sai duniya ta san su da sunan Imari. Awa ɗaya ta isa a ga gadojin da aka ƙawata da manyan tuluna da tsohon gidan fatake mai farin bango a bakin kogi.

Abin da ke kawo mutum nan shi ne Okawachiyama, ƙauye a ƙuryar kwari, tafiyar kamar minti goma sha biyar a bas. Bas ɗin 'yan ƙalilan ne a yini. Kafin ka bar tasha ka ɗauki hoton jadawalin dawowa, ka kuma karɓi lambar tasi, domin a ƙauyen ba a samun ta a tsaye. Tsaunuka masu tsini sun kewaye shi ta fuska uku, hanyar shiga ɗaya ce tak, kuma dalilin zaɓensa ke nan. A wajen 1675 gidan Nabeshima ya kwaso gwanayen masu sana'a ya ajiye su a nan, ya kafa shinge da masu gadi a bakin hanya. Abin da suke yi ba na sayarwa ba ne, kyauta ce da ake kai wa shugaban mulkin soja a Edo, wato Tokyo ta yau, da manyan hakimai. Wanda ya sami aibi kaɗan farfasa shi ake yi don kada ya fita. Haka aka yi har 1871 da aka soke mulkin hakimai. Tun da daɗewa gidan yake riƙe sana'ar da ƙarfi: a 1637 ya kori masu gashi fiye da 800 daga yankin saboda sun cinye daji da saran itace, a Arita kuma ya tara masu fentin launi a unguwa ɗaya don kada sirrin haɗin ya bazu.

Farantin Nabeshima, wato irin wanda ake yi a wannan ƙauye, ba ya ɓoyuwa. Girmansa ƙayyadadde ne, faɗin wajen santimita 30, ko 21, ko 15, ko 9. Gindinsa dogo, an kewaye shi da zane irin haƙoran mataji, kowane layi an ja gefensa biyu an cike tsakiya. Launi huɗu ne kawai, shuɗi a ƙasa, ja da kore da ruwan ɗorawa a sama, babu zinariya. Akwai wata dabara da na fi so a wurinsu: a zana siraran layuka da baƙin tawada, a shafe wurin duka da shuɗi, a gasa sama-sama. Tawadar ta ƙone ta tafi da fentin da ke kanta, sai layuka farare tas su bayyana a cikin shuɗi, sirantar da buroshi ba zai iya kewayewa ba. Suna kuma yin koren ƙyalli mai kauri daga wani dutse na tsaunin wurin. Gidajen gashi kusan talatin ne ke aiki a ƙauyen yanzu, a jere a kan hanya mai hawa. A bakin rafi an sake gina turmin ruwa irin na da: gungume ne mai kwami a ƙarshe ɗaya, ruwa ya cika kwamin ya rinjaye shi, ya zube, ɗaya ƙarshen ya faɗo kan dutse. Tsallaken rafin akwai tarin duwatsun kaburbura fiye da 800 da aka jera kamar dala, na masu sana'ar da ba su bar magada ba, har da 'yan Koriya. Ban ga wurin da ya fi shi nuna abin da wannan kyau ya ci ba.

Hasami ba ta da tashar jirgi. Daga Arita ake shiga tasi, a haye tudu a shiga jihar Nagasaki. Ita tarihinta na talakawa ne. A ƙarƙashin hakiman Omura ta riƙa gasa kwanukan cin abinci masu kauri da zane na sauri, da ake kira kurawanka, masu arahar da ta sa tangaran ya shiga gidan kowa, da kwalaben da ake fitar da miyar waken soya zuwa Turai, an rubuta JAPANSCHZOYA a jikinsu da harshen Holan. Yawan kayan shi ya sa tanderunsu suka yi tsawo. A unguwar Nakaoyama akwai kufan wanda ya kai mita 160, ɗaki 33 a jere suna hawa tudu. Ana kunna wuta a ƙasa, zafin da ya fita daga ɗaki ɗaya ya ɗumama na samansa, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya ana jefa itace ta gefe. Ɓaraguzai na nan birjik a ƙasa, amma an hana ɗauka. Da jirgin ƙasa ya zo, daga tashar Arita ake aika kayan Hasami, sai aka daɗe ana sayar da su da sunan Arita. A wajen shekarar 2000 da aka tsaurara ƙa'idar faɗin asalin kaya suka koma sayarwa da sunansu. Har yau aikin a rabe yake gida-gida, wannan mazubi kawai yake yi, wancan zuba yumɓu, wani gashi, shi ya sa za ka ga ƙananan motoci suna yawo a hankali da alluna cike da ɗanyun kofuna. Mai neman kwanon da zai ci abinci kullum, Hasami ta fi masa. Mikawachi kuwa tana kan layin Sasebo, tasha ɗaya bayan Arita, an san ta da zanen yara 'yan Sin suna wasa da sassaƙar huji-huji mai laushi.

Babbar kasuwar Arita daga 29 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu take ci, asalinta tun 1896. Rumfuna ɗaruruwa ne a kan titin da ya haɗa tashoshin biyu, wajen kilomita huɗu, mutane kusan miliyan ɗaya, kuma Hasami ma a makon take tata. Akwai araha, amma masauki sai an kama tun watanni kafin lokacin, kuma ba lokacin kallon aiki ba ne. Nuwamba ya fi sauƙi. Daga Yuni zuwa tsakiyar Yuli damina ce. Kowane lokaci ka zo, kantuna da ƙarfe biyar na yamma suke rufewa. Musulmi ya yi tanadin abinci tun daga Fukuoka, inda akwai masallaci a unguwar Hakozaki, domin romon taliyar Kyushu yawanci na ƙashin alade ne, miya da yawa kuma ana sa mata giyar girki. Akwai awarar Arita mai santsi da ake kira godofu, ta madarar waken soya da sitaci, sai dai a tambayi abin da ke cikin miyar da aka zuba mata.

Wajen saye, ka ɗora kwano a tafin hannu ka ƙyasta bakinsa da farce: lafiyayye ƙararsa doguwa ce, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa gajeriya, a dushe. Ka kife shi a kan teburi ka ga ko baki ya zauna daidai. Ka karkata shi ga haske ka nemi ƙananan huji da baƙin ɗigo. Kayan kwandon rahusa yawanci irin wannan aibin ne da su, kuma ba ya hana amfani. Zanen hannu ana gane shi da bambancin duhu a cikin ganye ɗaya, in kuwa faranti biyar sun zo iri ɗaya sak har ɗigo, bugawa aka yi, kuma kada a biya kuɗin hannu a kansa. Zoben gindi in yana da kaushi zai kankare teburi, sai a goga shi da takardar yashi mai laushi. Mai zinariya ba a sa shi a na'urar ɗumama abinci, ba a kuma wanke fentin sama da soson ƙarfe. Tsofaffin kaya masu launi a bar su don ado, kada a ajiye abu mai tsami a ciki, saboda fentin da yana ɗauke da dalma. A akwati kuma a tsaye ake jera faranti, takarda tsakanin kowane biyu, a cike cikin kofuna, a girgiza kwalin: in an ji motsi, ba a gama ba.

Mai sauran lokaci kada ya koma ta hanyar da ya zo. Daga Imari ya sake shiga jirgin Matsuura ta ɓangaren teku, tafiyar fiye da awa biyu zuwa Sasebo. Akwai tikitin yini guda da ke ba da damar sauka da hawa. Tashar Uranosaki furannin sakura ke rufe ta a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu. A Tabira-Hiradoguchi, tashar da ta fi kowace nisa yamma a layukan dogo na ƙarfe biyu a Japan, ake sauka a hau bas a haye gada zuwa Hirado, inda 'yan Holan suka yi zaman fatauci daga 1609 zuwa 1641 kafin a mayar da su Nagasaki. Daga Sasebo kuma Midori yana komawa Hakata kai tsaye, ta Haiki da Arita.